Muhawara: Shin gudu ba takalmi yaudara ce?

Mai Gudun Asuba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙorafin da na daɗe ina haɗiyewa, yau kuma na ga gara in fito da shi. Ina shirin gudun fanfalaki na kilomita 42.195, wanda zai zama na farko a rayuwata, kuma atisaye yana tafiya daidai, gajeren gudu a tsakiyar mako, dogo a ƙarshensa. Ana cikin haka wani abokin gudu ya yi ta zuga ni cewa takalmi mai soso shi ne yake ragwantar da ƙafa, har na sayi siririn takalmin nan marar tudun diddige, wanda idan ka taka tsakuwa sai ka ji ta har cikin ƙwaƙwalwa, na ci gaba da jadawalina da shi. Yanzu idan na sauko daga gado da safe ba na iya aza diddige a ƙasa sai na dafa bango, agarata ta ɗaure, sannan a saman ƙafar dama akwai wuri ɗaya da ko yatsa na danna sai na zabura. Ni dai a wurina wannan gudu ba takalmi yaudara ce. Ina neman shawara: in koma tsohon takalmina in ci gaba, ko in haƙura da tseren bana?

Sawu A Ƙasa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa, amma kalmar yaudara ta yi nauyi ƙwarai, kuma ba zan bari ta wuce ba. A shekarar 1960 Abebe Bikila na Habasha ya lashe gudun fanfalaki na gasar Olimfik a birnin Rum da ƙafarsa tsirara, a cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, wani ɓangaren hanyar ma a kan tsohon daɓen duwatsu da daddare. Wa ya yaudara? Ƙafar ɗan Adam ta yi dubban shekaru tana gudu kafin a ƙera takalmin soso.

Tsohon Ɗan Tsere: Ƙanena, duk wanda ya kawo labarin Rum ya kamata ya ƙarasa shi. Bikila ɗin nan ya sake lashe zinare a Tokyo a 1964 sanye da takalmi, kuma ya gama a awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, wato ya rage minti uku, alhali makonni kaɗan kafin nan aka yi masa tiyata. Ɓoye rabin labari ai shi ma yaudara ne. Kelvin Kiptum ɗan Kenya da ya yi gudun fanfalaki a awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023 takalmi mai kauri ya sa.

Sawu A Ƙasa: Yaya, idan ana neman yaudara to a wannan takalmin ya kamata a duba. An cusa masa faranti mai tauri a cikin soso domin ya riƙa cilla mutum gaba, har sai da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Gudun fanfalakin da Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019 a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 ma ba a karɓe shi a matsayin tarihin duniya ba.

Tsohon Ɗan Tsere: Ba a karɓe shi ba ne saboda ba buɗaɗɗiyar gasa ba ce, kuma masu ja masa gaba suna shiga suna fita ana musanya su. Kada ka jingina abin ga takalmi domin ka ci gardama.

'Yar Gudun Yamma: Ni ina ganin kafin a ce yaudara sai an nuna wanda ya yi alƙawari da niyyar ruɗi. Gudu da kansa ba ya alƙawari, masu sayarwa ne suke yi. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 a Amurka domin sasanta ƙarar da aka kai shi a kan iƙirarin cewa takalminsa mai yatsu yana ƙarfafa tsokar ƙafa yana rage rauni, duk da cewa bai amsa laifi ba. Saboda haka kalmar tana da inda ta dace, amma ba kan gudun kansa ba.

Sawu A Ƙasa: Sasantawa ba hukunci ba ne, Hajiya, kuma ɗan'uwanmu bai ce takalminsa na wannan kamfani ba ne. Bayan haka ma, shi bai yi gudu ba takalmi ba, siririn takalmi ya sa. Wanda ƙafarsa take taɓa ƙasa kai tsaye, fatar tafinsa za ta tsayar da shi da bororo tun kafin ƙashi ya galabaita, amma siririn takalmi yana kare fata ya bar mutum ya zarce iyaka.

Likitar Gashin Ƙashi: Ina roƙon a koma kan ƙafar mai tambaya, domin abin da ya kwatanta ya fi kalmar muhimmanci. Mafi yawan masu gudu da takalmin soso a kan diddige suke dira. Idan an cire soson, jiki yakan koma dira a gaban tafin ƙafa da gajerun taku, kuma binciken da Daniel Lieberman na jami'ar Harvard ya wallafa a 2010 ya nuna wannan dirar tana rage bugun farko da ƙafa take yi da ƙasa. Sai dai binciken bai nuna cewa rauni yana raguwa ba. Nauyin ba ɓacewa yake yi ba, wuri yake sauyawa: gwiwa ta samu sauƙi, agara da sha-raɓa da dogayen ƙasusuwan da suke bayan yatsu su ɗauka. A 2013 masu bincike a jami'ar Brigham Young sun ɗauki hoton ƙafafun masu gudu bayan mako 10 na komawa siririn takalmi, suka ga alamun galabaitar ƙashi a kusan rabinsu. Matsalar mai shirin fanfalaki ita ce huhunsa da zuciyarsa sun riga sun saba da dogon zango, don haka ba ya jin gajiyar da za ta tsayar da shi, alhali ƙashi da jijiya watanni suke buƙata kafin su saba da sabon aiki. Malam Mai Gudun Asuba, ɗaurewar agara da safe abu ne da aka saba gani, amma zafin da yake wuri ɗaya a saman ƙafa, wanda yatsa yake iya nunawa, yana iya zama tsagewar ƙashi. Ka dakatar da gudu gaba ɗaya, da tsohon takalmin ma, ka je a duba ka, kuma ka sani hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna irin wannan tsagewa a makonnin farko.

Sawu A Ƙasa: Na gode likita. Kun ji dai, Harvard da kanta ta tabbatar bugu yana raguwa.

Tsohon Ɗan Tsere: Jimla ɗaya ka tsinta ka bar sauran. Ni abin da yake damuna shi ne mutanen da ba su taɓa wuce kilomita 30 ba, inda ƙarfin jiki yake ƙarewa ƙafa ta fara jan ƙasa, su ne suke koya wa sababbi yadda ake taka ƙasa. Kuma kowa ya san wanda ya zuga yaron nan ɗalibinka ne.

Sawu A Ƙasa: Yaya, girmanka nake gani, amma ba ni da ɗalibi, kuma yawan lambobin yabo ba shi ne hujja ba. Ka janye maganar.

'Yar Gudun Yamma: Haka aka yi mini lokacin da na yi magana a kan hutun da ake yi kafin tsere, aka ce sai na nuna takardar gama gudu tukuna. Wannan ɗabi'a ce take korar mata daga tattaunawa.

Shugaban Zaure: Jama'a, a tsaya haka. Ni na daɗe ina gudu da siririn takalmi, kuma na karanta duk abin da aka rubuta. Abin da ya fito fili shi ne gudu ba takalmi ba yaudara ba ne, tarihin Bikila ya shaida, likita kuma ta kawo binciken da ya nuna amfaninsa ga gwiwa. Matsalar gaggawa ce kawai, don haka ɗan'uwanmu ya rage nisa ya ci gaba da sabon takalminsa a hankali, ya kuma janye kalmar.

Likitar Gashin Ƙashi: Ranka ya daɗe, ban ce ya rage nisa ba. Cewa na yi ya daina gudu har sai an duba ƙashin, kuma ina roƙon a gyara wannan a cikin bayaninka kafin ya fita atisayen gobe.