Neman shawara: ta ina ɗalibar jinya za ta fara nuna tausayi a ɗaki mai cunkoso?

Ɗaliba, Gusau:
Assalamu alaikum yayyena. Ina aji biyu, an tura mu ɗakin mata, marasa lafiya sun fi hannu yawa. A aji kullum ana jaddada mana tausayi, to a aikace ta ina ake farawa ba tare da aiki ya tsaya ba?

Sista, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. A cikin aikin ake cusa shi. Ki yi sallama, ki ce "Inna, ya jiki?", kada ki kira ta "gado na shida". Ki faɗa mata ke ɗaliba ce, ga abin da za ki yi. Ja labule kafin ki ɗaga zane, ki buɗe wurin da za ki taɓa kawai. Bugun jini ki ƙirga shi minti ɗaya cur. Na babban mutum 60 zuwa 100 ne. Kada ki ɗauke yatsu, ki zarce da ƙirga numfashi, 12 zuwa 20, ba tare da kin sanar da ita ba, don in ta sani za ta canza shi. Wajen allura kuma ban da "ba zafi". Ki ce za ta ji tsini kaɗan. In kika yi mata ƙarya yau, gobe ba za ta miƙo hannu ba.

Malamin jinya, Gusau:
Ƙari a kan na Sista: wadda ba ta iya motsi, don kada gyambon kwanciya ya fito mata, a juya ta duk awa 2, ku biyu, a ɗaga ta, ba ja ba, don ja na saɓule fata. Duba gindin baya, ƙugu, duga-dugai da kafaɗu. A baƙar fata jan launi ba ya fitowa sosai, sai ki nemi wurin da ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Kada ki murza shi, ki kai rahoto. Jiƙaƙƙen zanen gado a canza nan take, da haka gyambon kwanciya ke farawa. Ki koya wa mai jinyarta, ita ke nan cikin dare.

Ungozoma, Zuru:
'Yata, "to" ba ta nufin an gane. Wata Fulatanci ko Dakarci ta fi ji, wata kunya ce ke hana ta tambaya. Ki sa ta maimaita miki yadda za ta sha maganin da bakinta. In ta tambayi sakamakon gwaji, ba huruminki ba ne tukuna. Ki ce "bari in kira Sista", kuma ki kira ɗin.