Me ke riƙe da manyan majami'un Faransa alhali bangonsu kusan duk gilashi ne?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tun da aka sake buɗe majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris a watan Disamba na 2024, bayan gobarar da ta cinye rufinta a 2019, nake kallon hotunan irin waɗannan gine-gine da ake kira Gothic, kuma abu ɗaya ya ɗaure mini kai. A iya sanina, duk ginin da ya yi tsawo sai an ƙara wa bangonsa kauri, amma waɗannan ga tsayi ga manyan tagogi ta ko'ina. Me ya hana su rushewa tsawon shekara ɗari takwas?

Tsohon Magini:
Wa'alaikumus salam, Malam. Sirrin shi ne bangon ba shi ne ke ɗauke da nauyin ba. Rufin dutsen yana zaune ne a kan bakuna masu tsini da suka gitta juna, kamar haƙarƙari, su kuma suna sauke nauyin a kan ginshiƙai. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, ya ga yadda bakan gizo ke riƙe da rufi, zai fahimci dabarar, ko da yake namu na ƙasa da azara ne. Matsalar baka ita ce ba ƙasa kawai take dannawa ba, tana kuma tura bango waje. Don haka maginan suka gina matokarai daga waje, wato wasu rabin bakuna da suka dogare bangon ta sama, suka kai nauyin kan manyan ginshiƙai da ke tsaye a gefe. Da bango ya huta da ɗawainiya, sai aka fafe shi aka sa gilashi. An fara haɗa wannan salo ne a majami'ar Saint-Denis kusa da Paris, ƙarƙashin shugabanta Suger, aka keɓe sabon sashen da ya gina domin ibada a 1144, kuma abin da mutumin yake nema shi ne haske ya cika ɗakin.

Ɗalibar Tarihi:
Ina so in ƙara kan bayanin Baba cewa baka mai tsini ta girmi Gothic nesa ba kusa ba, domin tana nan a Masallacin Ibn Tulun na Alƙahira da aka kammala a 879. Sunan Gothic kuwa zagi ne daga Italiyawan ƙarni na 16, waɗanda suka ɗauki salon a matsayin aikin marasa wayewa.

Tsohon Magini:
Haka ne, 'yata. Sai dai kada Malam ya ɗauka duka suka tsaya lafiya, domin maginan ba su da lissafin injiniyoyin yau, gwaji da gogewa suke bi, kuma gasa ta shiga tsakanin garuruwa. Majami'ar garin Amiens, da aka fara ginawa a 1220, tsayin rufinta ya kai mita 42. Mutanen Beauvais suka ce sai sun wuce haka, suka kai mita 48, amma a 1284 wani sashe na rufin ya rufto. An gyara shi tare da ƙara ginshiƙai a tsakanin na farko, daga baya hasumiyar da suka ɗora ita ma ta faɗi a 1573, kuma har yau ba a gina babban zauren majami'ar ba.