Za mu yi rusau a gidan gado a Jahun: wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya gani

Mai tambaya, Jahun, Bauchi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu. Da aka raba gado, gidan kakanmu na cikin gari ya faɗo wajena, na biya 'yan'uwana mata nasu kason. Ginin ƙasa ne: zaure mai ɗaurin guga (rufin ƙasa mai lanƙwasa kamar baka), shigifa, soraye uku a jere, sai ɗakunan bulo biyu da Baba ya ƙara a 1984 ya yi musu silin. Tun da Inna ta koma wajen Yaya babu kowa a ciki. Ni kuma haya ta ishe ni, ga yara huɗu.

Niyyata in sauke sorayen in fitar da falo da ɗaki biyu da kicin, in fasa bangon da ya raba ɗakunan bulon su zama ɗaya. Zauren ne na kasa yanke shawara a kansa. Wani ɗan kwangila ya ce in ba shi kwana 3 da lebura 6 ya mayar mini da wurin fili. Saurin nan ne ya tayar mini da hankali. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aiki ya ba mu abin da ya gani da idonsa.

Magidanci, Herwagana, Gombe

Wa'alaikumussalam. Hamma, kafin diga ta taɓa ko'ina, yi sallama da maƙwabtanka na kowace kusurwa, ka roƙi a bar ka ka shiga ka ɗaga kai ka dubi rufinsu. Ni ban yi haka ba. A 2019 muka sauke ɗakin kakarmu, muna ganin katangar baya tamu ce tunda kakanmu ya gina ta. Ashe da maƙwabcin ya zo yin nasa ɗakin, shekaru da dama da suka wuce, jingina ya yi da ita, kan azarorinsa a cikin katangarmu yake. Mun cire kamar rabinta sai muka ji ihun mata ta can. Rufin ɗakin amaryarsa ya sunkuyo, ƙasa na zuba a kan gado. Allah Ya taƙaita ba kowa a ciki.

Sai da mai unguwa ya zaunar da mu. Na gina musu sabon bango da kuɗin da na ware na kwano, kuma har yau gaisuwarmu da mutumin ba ta koma kamar da ba. Wannan ya fi kuɗin ciwo.

Ɗan magini, Kobi, Bauchi

Na karanta wa mahaifina tambayarka. Maginin ƙasa ne, shi ma a hannun mahaifinsa ya koya, yanzu ido ya yi rauni. Ga abin da ya ce in rubuta maka, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ka ce da yaron nan, yadda aka gina soro daga ƙasa zuwa sama, haka ake warware shi daga sama zuwa ƙasa. Duk wanda ya ce zai sare gindin bango ya ture shi don sauri, ka sallame shi tun kafin ya ajiye digarsa. Bangon ƙasa ba ya faɗuwa inda aka nuna masa. Na ga ya danne mutum a gabana, yaro ne ɗan ci-rani, ya juya zai gudu bangon ya riga shi.

"Da farko a hau kai a kankare ƙasar rufin, ana saukewa da kwanon sarki. Nauyin ɗakin duk a nan yake. Kada a tara ta gefe guda a kan rufin, kuma kada kowa ya tsaya a cikin ɗakin yana kwasa alhali ana aiki a sama. In ƙasa ta ƙare za a tarar da zana ko kara, a yaye. Sannan a zare azara ɗaya bayan ɗaya, ana miƙa wa na ƙasa. Sai bango ya rage tsirara a bi shi daga kai, tubali-tubali.

"Azarar nan kada ka bari lebura su faskara ta su dafa abinci. Giginya ce, gara ba ta cika cinta ba, kuma yau samun mai kyau sai an tafi nesa. In ka ga ta yi baƙi da kunkunniya, wannan ba lalacewa ba ce. Ƙwanƙwasa ta da guduma. Mai lafiya za ta amsa maka da ƙara, matacciya sai ka ji luf.

"Batun zaure kuwa, ɗaurin guga ba a sama yake tsaye ba, a cikin bango yake. Azara ce ake ɗaurewa ana miƙo ta kaɗan-kaɗan daga kowane gefe har su haɗu a tsakiya, nauyin bangon ne ke danne gindinta. In ka sauke shigifar da ke manne da zauren ba tare da ka duba ba, ka rage wa bakan abin da ya dogara da shi. Ka bar wannan bangon da kaurinsa. Kuma in za ka bar zauren, kada ka lulluɓe shi da filastar siminti. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa sai ya kulle danshin a ciki, bayan 'yan damuna ka ga ya ɓamɓaro faifai guda ya taho da naman bangon. A yi masa yaɓe, a bi da makuba, a gyara indararo. Ka je Kafin Madaki ka dubi ginin Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ƙasa ce da azara, tun kakannin kakanninmu take tsaye, don ana kula da ita."

Ya kuma ce in tambaye ka ko zauren yana yoyo, kuma ta wace kusurwa.

Uwar gida, Bolari, Gombe

Ƙanena, ni abin da ke ƙarƙashin ƙasa zan ja maka kunne a kai. Tsohon gida ba ya rasa rami: masai da aka daina amfani da shi, rijiyar da aka rufe da itace aka zuba ƙasa a kai, ramin da aka haƙi ƙasar ginin. Maza ba sa tunawa, matan gidan ne suka sani.

Mu da muke gyaran gidan surukaina, ana cikin kwasar ɓaraguzai da baro sai ƙasa ta burma da leburan har ƙugu, a daidai inda yarana suka yini suna wasa jiya-jiya. Na leƙa, na ga baƙin rami da ruɓaɓɓen itace a bakinsa, ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Da aka gaya wa Goggo sai ta ce ai rijiyar gidan ce, an rufe ta tun shekarar da aka kawo famfo unguwar. Babu wanda ya tambaye ta, ita kuma ba ta san aikin zai kai wajen ba. Mun cike ta da burji da dutse ana dannawa, kuma injiniya ya hana a ɗora harsashi a kai, sai da aka matsar da ɗakin.

Ka ɗauko Innarku ka zagaya da ita gidan, ɗaki-ɗaki. Kuma yara kada su taka wurin sai an gama. Ban da rami, ga kunama da ke fita daga tsohon bango.

Ma'aikaciyar jinya, Yelwa, Bauchi

Malam, silin ɗin 1984 ɗin nan ne ya tsaya mini. In faranti ne fari-fari mai tauri, mai karyewa kamar ƙanzo, to mai yiwuwa asbesto ne. An yi kamfaninsa a nan Bauchi, shi ya sa ya cika gidajen wancan lokacin. Yana zaune lafiya ba ya komai. In aka fasa shi da guduma ne yake sakin wata ƙura mai siraran zare da ido ba ya gani, ta shige huhu ta zauna. Cutar ba ta nunawa sai bayan shekara 20 ko 30, har sankarar huhu tana jawowa. A gidanmu kafinta ya farfasa shi a tsakar gida, ƙannena suka share da tsintsiya, a lokacin ban san komai ba. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

A jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshin a sauke shi ɗungum, a naɗe a leda mai kauri. Kada a yanka, kada a share ƙurar a bushe, kada a ba yara gutsattsarin su yi wasan gini. Takunkumin yadi ba ya tare wannan ƙurar, a nemo na masu aikin ƙura, mai matata.

Mai gyaran wuta, Tudun Wada, Gombe

Cire fis a mita bai wadatar ba. Na taɓa zuwa aiki an ce an kashe wuta, na sa abin gwaji a wata tsohuwar waya cikin bango ta kama. Wani ne ya ja layi daga gidan maƙwabta tun da daɗewa. A sa ma'aikatan wuta su cire layin tun daga falwaya, sannan a gwada kowace waya kafin a sa mata ƙarfe.

Ɗan kasuwa, Wunti, Bauchi

Ni ra'ayina ya saɓa da na Baba magini, tare da girmamawa. Na bar soro ɗaya a gidanmu saboda tunawa da mahaifiyata, na gina sabo a jikinsa. Damuna biyu mahaɗar ta tsage, ruwan kwanon sabon ginin yana zuba a gindin tsohon. A ƙarshe na sauke shi, ga iyali a cikin gida, ga ƙura, ga kuɗi sau biyu. In ka san ba za ka iya yaɓe duk shekara ba, kada ka yaudari kanka. Masu yaɓen ma yanzu nawa suka rage?

Sai maganar kwasa. Lungunan cikin gari tifa ba ta shiga. Mu da baro aka yi ta turowa bakin titi, kuɗin kwasa ya kusa kamo kuɗin rusau ɗin kansa, tifa 14 muka fitar. Abin da ya rage mini asara shi ne manoma suna son ƙasar tsohon bango, wani ya kawo motarsa ya kwashi rabi zuwa gona. Kada ka jibge a lungu ka toshe kwata. Kwano da ƙofofin ƙarfe da rodi kuwa, ranar da aka cire su a ranar za ka kulle su ko ka kira 'yan gwangwan ku yi ciniki, in suka kwana a fili ba za ka tarar da su ba.

Injiniyan gini, Fadaman Mada, Bauchi

Kowa ya yi maganar ƙasa, bari in taɓa bulon. Bangon tsakiyar nan da kake son fasawa, a cire silin tukuna a ga ko katakon rufin a kansa ya zauna. In a kansa yake, sai an tokare rufin ta ɓangarorin biyu, a zuba fila da bim, wato ginshiƙai a tsaye da na kwance a kansu, kankaren ya kama sosai, sannan a cire matokaran. Na ga gidan da aka fasa irinsa da safe, kafin la'asar kwano ya lotsa a tsakiya. Gine-ginen lokacin da yawa linta, wato ɗamarar kankare, iya kan ƙofa da taga take, ba ta zagaye ɗakin ba, saboda haka bangon tsakiyar shi ke riƙe na gefe.

Ka kai zanenka hukumar tsara birane kafin ka fara, ya fi a zo a shafa maka jan fenti aiki na tsaka. Kuma kada ka buɗe kan soro sai ruwa ya ɗauke. Bangon ƙasa da aka cire wa rufi, ruwan Agusta ɗaya ya ishe shi.

Mai tambaya, Jahun, Bauchi

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ranar Asabar na ɗauko Inna. Tun daga zaure ta fara nuna mini abubuwan da ban taɓa sani ba a gidan da aka haife ni. Masai biyu ne a rufe, ɗaya a daidai inda na zana kicin. Da muka shiga soron ƙarshe ta daɗe tsaye ba ta ce komai ba, hannunta a kan ƙyauren. Na itace ne, mai manyan ƙusoshin maƙera, wurin da ake turawa ya yi sumul yana sheƙi. Ta ce a ɗakin ta haife mu duka, kuma ko me zan rushe in ajiye mata ƙyauren nan. Na cire shi da hannuna jiya, yana wajen Yaya.

Hamma na Herwagana, maganarka ta fito. Na shiga gidan da ke bayanmu, azara 9 na ɗakin girkinsu a katangarmu suke. Mun yi magana da mai gidan a gaban mai unguwa, katangar za ta tsaya, ni zan ja nawa ginin ciki. Silin ɗin ma irin wanda 'yar'uwa ta kwatanta ne. Ɗan kwangilar na ba shi haƙuri. Sorayen za a sauke su bayan kaka, a hankali. Zauren zan bar shi da bangon shigifar, na ji gargaɗin Alhaji na Wunti, zan sa a juya ruwan kwano ya bi ta tsakar gida.

Ɗan'uwa na Kobi, ka gaida Baba. Ka ce masa zauren yana yoyo ta kusurwar gabas, kusa da indararo, kuma akwai tsaga daga nan zuwa kan ƙofa da yatsa ke shiga.

Ɗan magini, Kobi, Bauchi

Baba yana amsawa. Ya ce kada ka cusa komai a tsagar, kuma kada kowa ya hau kan zauren. Ka rufe kusurwar da leda ka danne da dutse ta kan tsani. Ya ce in kawo shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana so ya taɓa bangon da hannunsa.