Kolak ɗina kullum sai ya tsinke, ina matsalar take?

Ummu_Hanan: Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Wannan ne azumina na farko a Yogyakarta ta ƙasar Indonesiya, karatu ne ya kawo maigida. Maƙociyata kullum dab da magariba sai ta aiko min da kolak, wannan ayaba da dankali da suke dafawa a madarar kwakwa da jan sukari, wallahi na kamu. Sau biyu ina gwadawa don kar kwanonta ya dinga komawa haka nan, amma sai madarar ta tsinke mai ya taso sama, ayabar kuma ta dame gaba ɗaya. Kunya ta hana ni tambayarta. Dan Allah wa ta iya?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam ƙanwata, wuta kika cika mata. Madarar kwakwa, santan suke ce mata, ba ta son tafasa mai ƙarfi. Fara narka sukarin a ruwa, gula aren ko gula jawa duk ɗaya, ki tace don wani yakan zo da ɗan datti, ki ƙulla ganyen pandan biyu, wani ganye ne mai ƙamshi, ki jefa, sai dankali ya shiga ya yi laushi tukun ayaba ta biyo, santan mai kauri shi ne na ƙarshe kuma ki rage wuta ki tsaya kansa kina juyawa a hankali, kar ki ce bari in je in duba waya. Da ya fara ɓararraka ki sauke. Ɗan gishiri kaɗan, shi ke fito da zaƙin.

Ayabar kuma na tabbata irin ta ci ɗanye kika saya. Ki ce a ba ki pisang kepok, gajeru masu kusurwa, wadda ta nuna amma ba ta lugwigwita ba.

Abu_Fatima: Ni dai ban iya girki ba, saye nake a kasuwar takjil, wato kayan buɗa-baki, ta Benhil nan Jakarta, har da mai kolang-kaling a ciki, wasu fararen 'ya'yan itace masu santsi. Wani abokin karatuna ya ce min wai sunan kolak daga Khaliq ya samo asali, kepok kuma daga kapok, wato mutum ya daddara ya tuba. Ni zance na ɗauke shi irin na masu wa'azi, amma ya min daɗi.

Maman Sadiq: Malam mu tsinkewar madara muke magana kai ka kawo tafsiri 😂 Ummu Hanan na manta, kar ki dafa tun azahar ki bar shi a rufe da zafin garin nan, santan ba ya jure zama, yana iya yin tsami. Bayan la'asar ya isa.

Ummu_Hanan: Kai Anti kamar kina kicin ɗin, pisang ambon na saya kuma da santan na fara tun farko. Na gode Allah ya saka. Gobe zan shiga kasuwar Beringharjo neman kepok ɗin, in ya yi kyau har maƙociyar zan zuba wa.