Ta yaya zan auna yardar mutane da hasashen masana kuɗi?

Ɗalibar_Tawa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce nan jami'ar Tawa, ina son in yi anket, wato binciken jin ra'ayi, kan yadda mutanenmu suka yarda da hasashen da masana ke yi kan kuɗi, irin in BCEAO (babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa) ta ce tsadar kaya za ta sauka ko FMI (asusun ba da lamuni na duniya) ta ce arzikin ƙasa zai ƙaru da kaza. Na gwada tambayar 'yan kasuwa "kun yarda da shi?" sai kowa ya ce min "Allah ne masani" ko ya ce "i" don in tafi in ba shi wuri. To mi zan rubuta ke nan? Don Allah a taimaka min.

Malam_Lissafi_Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayar ce ba ta da ma'auni. Ki sami ƙwayar wake 10 ki zube gaban mutum, ki ce mishi: masana sun ce nan da wata 6 buhun shinkafa ba zai wuce kuɗin yau ba, in kana ganin haka za a yi ƙwarai tura wake da yawa gefen dama, in kana shakka bar su hagu. Wanda ya tura 8 ya gaya miki kashi 80 cikin 100 ko bai taɓa shiga lakkwal ba. Masu bincike a karkara sun daɗe suna aiki da wannan dabara. Amma babban aikin shi ne ki ajiye amsoshin ki dawo bayan wata 6 ki ga abin da ya faru, don in mutane suna tura 8 ya kamata abin ya tabbata sau 8 cikin 10, in sau 5 kawai ya tabbata to yardarsu ta zarce gaskiyar hasashen, in kuma suna tura 3 alhali abin na faruwa to sun raina masana fiye da kima. Kuma kar ki cuɗa hasashen wata 3 da na shekara 2, na nesa ya fi saurin kuskure.

Alhaji_Mai_Albasa:
Ɗiyata ki ji ta bakin tsoho. Mu da munka ga Janairun 1994 da idonmu, ana ta cewa ba za a taɓa sefa ba, dare ɗaya anka raba darajarta biyu, faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Wanda ya ga wannan da wuya ya tura miki wake da yawa, don haka ki rubuta shekarun kowa. Sannan kar ki tsaya ga baki, ki dubi hannu. Manomin Galmi da ya zuba albasarshi a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, lokacin girbi yana jiran ta yi tsada bayan damina, ga wasu na ruɓewa yana tsincewa, wannan ya yarda da hasashe har ya sa dukiyarshi ciki. Ki tambaye shi wa ya gaya mishi, rediyo ne ko dillali ko ɗan uwanshi da ke Abijan.

Zabarkan_227:
Gaskiyar Alhaji. Kuma yaya ki yi hankali da kalmar da za ki yi amfani da ita, in mutum ya ji kamar kina tambayarshi sanin gaibu ne ba zai amsa ba, ki ce kintace kawai irin na ɗan kasuwa. Ni abin da ke damuna shi ne mutane na jin lambar amma ba su jin sharaɗin da ke bayanta. Farkon 2024 Bankin Duniya ya yi hasashen arzikin Nijar zai ƙaru da sama da kashi 10 cikin 100 saboda man Agadem da zai bi bututu zuwa Seme a Benin, sai rikici da Benin ya tsai da lodi na wani lokaci, anka rage lissafin. Ki tambayi mutane ko sun san ana gyara hasashe in al'amari ya canza, don wasu na ɗaukar gyaran a matsayin ƙarya.

Ɗalibar_Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji zan fara da kasuwar Tawa sannan Konni wajen masu canjin naira. Malam, in mutum ya tura 5 ya bar 5, in rubuta shi rabi da rabi ko bai gane tambayar ba ne?

Malam_Lissafi_Yamai:
Ki fara gwada shi da abin da ya sani, ki ce ko za a yi ruwa a Tawa cikin Agusta. In nan ma 5 ya tura, ki sake yi mishi bayani kafin ki shiga zancen kuɗi.