Ba ya dukanta, amma ƙanwata tana ƙarewa a gidansa

Assalamu alaikum. Don Allah malamai da lauyoyi, ina neman shawara kan ƙanwata.

Mijinta bai taɓa ɗaga mata hannu ba, abin da ya ɗaure mana kai ke nan. Amma ya ƙwace wayarta, katin albashinta na koyarwa yana aljihunsa, ko kuɗin sabulu sai ta roƙa. In ta leƙa maƙwabta, sai ya yi sati bai ci abincinta ba. A gaban baƙi kuwa har da zolaya, kowa na cewa ta yi dace. Yanzu da ta ji ƙarar motarsa sai jikinta ya hau rawa.

Ta yi yaji, Baba ya mayar da ita a ranar, wai ina tabon duka?

Na san dokar VAPP ta 2015, wato dokar Najeriya ta hana cin zarafin mutane, ta sa cin mutunci da baki da tauye dukiya cikin laifuffuka, kuma a mazhabar Malikiyya alƙali na iya raba aure saboda cutarwa ba tare da mace ta mayar da sadaki ba. To wace shaida za ta kai kotu, tunda a ɗaki komai ke faruwa? Kuma wa zai fahimtar da Baba? Ita kanta har yanzu cewa take laifinta ne.