Neman kalma: yaya za a ce "purgatory" da Hausa?

Mai Shirin Lahadi: Jama'a barkanku da yamma. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin rediyo na 2 ga Nuwamba, ranar da 'yan Katolika ke yi wa matattu addu'a. Fada zai yi bayani da Turanci, ni ne tafinta. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: purgatory. A coci "furgatori" muke cewa, amma yawancin masu sauraronmu ba 'yan Katolika ba ne. Ku agaza.

Ɗan Zazzau: Barzahu. Magana ta ƙare.

Baba Katakis: Ba ta ƙare ba, ɗana. Furgatori ba na kowa ba ne. Na wanda ya mutu cikin alherin Allah ne, cetonsa tabbatacce, sai dai da sauran dauɗar da za a wanke kafin ya shiga sama. Wanda ya shiga ba ya gangarawa wuta. Ka duba Katakizim na 1992, littafin koyarwar cocin Katolika, sakin layi na 1030 zuwa 1032.

Malam na Tudun Wada: Baba ya yi gaskiya. A wurinmu Musulmi barzahu kowa zai zauna a cikinsa, na kirki da mugu, har tashin ƙiyama. In ka faɗe ta a rediyo, abin da muka sani za mu ji, ba abin da Fada ke nufi ba. Kada ma wani ya kawo A'arafi, shi ma dabam ne.

Sarkin Nahawu: To me ya kai mu aro? Asalin kalmar daga Latin ne, purgare, wato tsarkakewa. Hausa na da ma'aunin sunan wuri: karanta, makaranta, jeme, majema. Saboda haka tsarkake, MATSARKAKA. Larabawa Kirista "maɗhar" suke cewa, masu Swahili "toharani", duk daga tsarki. Mu kaɗai ne za mu zauna muna lanƙwasa harshe da furgatori?

'Yar Kafanchan: Malam, in na ga matsarkaka a rubuce, mutane zan ɗauka, ba wuri ba. Ga shi mun riga muna da "tsarkaka" a coci. Tsohuwata za ta ce an kai mijinta cikin waliyyai.

Sarkin Nahawu: Karin sauti ne ke rabawa, kamar ma'aikata wurin aiki da ma'aikata masu aiki. Rediyo ne fa, kunne zai ji. Matsalar Hausar coci ke nan, an koye ta daga takarda.

'Yar Kafanchan: Hausar cocin da tun 1932 take da cikakken Littafi Mai Tsarki? A yi mana a hankali. Ba sai an haifi mutum a bakin Kurmi yake jin Hausa ba.

Ɗan Zazzau: Ni dai ina ba da shawarar matatar rayuka, kamar matatar man Kaduna. Ai Bulus ma ya yi maganar tsira kamar ta cikin wuta, 1 Korintiyawa 3:15.

Na Maraɗi: Ka ce tafinta ya hau rediyo ya ce "bayan mutuwa sai matata"? Ranar ba zai ci tuwo a gida ba. Mu nan "purgatuwar" nake ji a bakin waɗanda suka yi lakwal, wato bokon Faransanci, ban ga wanda ya suma ba.

Ɗan ECWA: Ba neman rigima nake ba, amma kuna wahalar neman suna ga abin da babu shi cikin Littafi.

Baba Katakis: Cikin littattafai 66 na Littafi Mai Tsarkinku ba za ka ga littattafan Makabiyawa ba. Namu 73 ne. Ka karanta 2 Makabiyawa sura 12, inda Yahuza, shugaban mayaƙan Yahudawa, ya tara kuɗi aka miƙa hadaya domin sojojin da suka mutu. Amma yau suna muke nema, gardamar nan ta girmi kakanninmu.

Sarkin Nahawu: A koma kan matsarkaka. Har yanzu ban ji hujjar nahawu ko ɗaya da ta kayar da ita ba.

Sista: Nahawunka lafiya lau, Malam, tauhidin ne da gyara. A watan Agusta 1999 Fafaroma John Paul na Biyu ya ce kalmar ba wuri take nufi ba, hali ne da rai ke ciki. Kai kuwa da bakinka ka ce ma'aunin sunan wuri ka ɗauko. "Wurin tsarkakewa" ma da wasu ke faɗi tana da wannan ciwon. Katakizim cewa ya yi tsarkakewa ta ƙarshe ta zaɓaɓɓu. Me zai hana a tsaya nan?

Sarkin Nahawu: Wannan bayani ne, ba suna ba. Kalma uku a madadin ɗaya.

Malam na Tudun Wada: "Tashin ƙiyama" kalma nawa ce?

Mai Shirin Lahadi: Na gode ƙwarai. Ga yadda zan yi: farkon shiri in ce "furgatori, wato tsarkakewar ƙarshe kafin shiga sama", daga nan in riƙe "tsarkakewar ƙarshe" har a rufe. Baba, Sista, ya yi?

Baba Katakis: Ya yi, amma ka nuna wa Fada tukuna. Mu dai ranar Lahadi furgatori za mu ci gaba da cewa.

Sarkin Nahawu: Ku yi yadda kuka ga dama. Ni na rubuta matsarkaka a littafina, da kwanan wata.